Daminar da Na Ɓoye Hannuwana

Bana ruwa ya yi jinkiri. Mun share gonaki, mun kai taki, mun gyara sungumi, muka zauna muna kallon gabas. Hadari yakan haɗo da la'asar, ya yi baƙi ƙirin kamar yanzu zai zuba, sai iska ta taso ta watsa shi. Irin wannan zafin na gab da faɗuwar damina, wanda mutum zai yi wanka ya fito yana gumi tun bai sa riga ba, shi yake tuna mini da shekarar korona. Ba cutar nake tunawa ba, don Allah ya tsare gidanmu daga ita. Hannuwana nake tunawa, da watannin da na yi ina ɓoye su a cikin riga kamar kayan sata.

Ni manomi ne a wani ƙauye na yankin Kara. Idan an gama aikin kaka nakan yi gadin ƙofa a wani ƙaramin asibiti a Gwarzo, in tafi da safe a keke, in dawo kafin magariba. A shekarar nan azumi ya zo a tsakiyar bazara, ga kuma dokar kulle. Aka rufe kasuwanni, motoci suka daina shiga Kano. Samarin da suka tafi cin rani suka dawo hannu rabbana, kowane gida bakuna suka ƙaru, hatsi bai ƙaru ba. Rumbuna sai na shiga ciki da ƙafata kafin in taɓo damin gero. Kunun buɗa baki da maiɗakina Talatu take damawa kullum ƙara tsinkewa yake yi, har kana iya hango gindin ludayi a ciki. Rijiyar unguwa ta ja baya, guga yana fitowa da rabin laka, sai an ajiye ruwan ya kwanta kafin a sha. Da sahur mu ci ɗumame, in akwai. Kafin hantsi leɓe ya bushe, kafin azahar kwalta tana hucin da kake ji ta cikin takalmi.

Abu ɗaya ne mai daɗi a gidana a lokacin. 'Yata Sa'ade ta samu miji, wani tela daga Kabo mai suna Nura, yaro mai natsuwa, kuma suna son juna. Manyansa sun zo gaisuwa kafin azumi, suka ce bayan salla za su dawo a sa rana.

Ana cikin haka aka kira ni a asibiti, aka miƙo mini wata gorar roba mai dogon baki, aka ce sunan abin da ke ciki sanitaiza. Ruwa ne mai ɗan yauƙi, mai sanyi a fata, warinsa irin na audugar da ake goga wa mutum kafin a yi masa allura. Aka ce duk wanda zai shiga in matsa masa a tafin hannu ya murza. Akwai rubutu a jikin gorar, amma a lokacin ban fara zuwa ajin karatun manya ba, ban san abin da ya ce ba.

Na ɗauka aiki ne mai sauƙi, ashe rigima ce. Ranar farko wata tsohuwa ta dunƙule hannu a cikin mayafi.

"Ɗan nan, azumi nake. An ce da giya a ciki."

"Inna, ai ba sha za ki yi ba."

"To alwalata fa?"

"Ni ma da alwalata, ga bakina da azumi. Duba ki gani."

Na matsa a tafina, na murza a gabanta har ya bushe. Ta zuba mini ido, ta ga ban faɗi ba, sannan ta miƙo 'yan yatsu kamar mai taɓa wuta.

Daga nan na samu dabara. Duk wanda ya yi gardama sai in fara shafawa. Wani magidanci ya ce ya ji ana cewa abin yana hana haihuwa, na ce masa ni nawa sun ishe ni, bari in fara. Ya yi dariya ya miƙo hannu. Tun ina yi wa masu gardama kaɗai, har ya zama kowa sai ya tsaya ya ga na shafa tukuna. Ba wanda ya sa ni. Daɗi nake ji ana cewa ƙofarmu ba a faɗa. Daga safe zuwa la'asar ban san sau nawa nake shafa abin nan ba, ga alwala, ga wani sabulu mai kaifi da aka ajiye mana, ga rana tana dukan hannuwan a kan keke, ga jiki ba ruwa.

Kafin azumi ya raba, fatar ta yi fari kamar na tsoma hannu a toka. Sai ƙaiƙayi a tsakanin yatsu, irin wanda in ka fara susa ba ka iya dainawa. Sai gaɓoɓin yatsun suka tsattsage. Da na matsa sanitaiza sai in ji kamar an zuba mini barkono a ciwo, in cije leɓe in yi wa mai shiga murmushi, don in ya ga na yamutsa fuska ba zai karɓa ba. Bayan hannun ya riƙa ɗayewa, wani wuri ja, wani wuri fari-fari.

A unguwarmu maza ba sa cin abinci a cikin gida. Ciyayya muke yi a zauren yayana, Yaya Garba. Kowane gida ya fito da kwanonsa, a jera a tsakiya, a ci na wannan a koma na wancan, ta yadda ba a gane gidan da ba a ɗora tukunya ba. A shekarar nan ciyayyar ce ta rufa wa da yawa daga cikinmu asiri. Dokar kulle ba ta taɓa ta ba, don mu a ƙauye ba wanda ya daina musabaha, balle cin tuwo tare.

Wata rana bayan sallar magariba muna kan tuwon dawa da miyar kuka, na kai hannu na yanko loma, gaɓar yatsana ta buɗe. Jinin kaɗan ne, amma ya taɓa gefen tuwon. Na yi sauri na yanke wurin na haɗiye. Sai dai maƙwabcin da ke kusa da ni ya janye hannunsa a hankali, ya koma ɗaya kwanon. Har yau in na tuna yadda ya janye hannun nan ba tare da ya dube ni ba, sai in ji kunya ta rufe ni.

Washegari na ce musu mu da muke aiki a asibiti bai kamata mu ci abinci da jama'a ba saboda korona. Ɗanlami, taubashina, wanda tun muna yara bai taɓa barina na sha ruwa cikin salama ba, ya tuntsire da dariya.

"Ku ji bawana ya zama likita! Gadin ƙofa ne fa, Haladu, ba tiyata ba."

"Doka ce," na ce.

"To Likita, a riƙa aiko mana da kwanon, kai ka zauna da dokar."

Haka na koma cin abinci a tsakar gida, a gindin rumbu, ina jiyo hirarsu ta kan katanga. Gaisuwa kuwa sai in dafa ƙirji ta cikin riga in ce doka. Babbar riga na koma sawa a cikin zafin nan, saboda tana da wurin ɓoye hannu. Ranar salla, da kowa yake miƙa wa kowa hannu ana neman gafarar juna, na bi ta bayan gari na dawo gida.

Bayan salla ruwa ya sauka. Ruwan farko ya zo da iska, ya kayar mana da zana, amma ba wanda ya damu. Yara suna ta tsalle a tsakar gida, ƙasa tana ƙamshi. Gari na wayewa kowa ya ɗau sungumi. Ina gaba ina sara, Sa'ade da ƙannenta suna biye suna jefa iri suna rufewa da ƙafa. Kafin in kai ƙarshen gona ƙotar sungumin ta yi ja. Na yage tsohon zane na naɗe hannuwan. Da aka zo noman farko abin ya fi haka, don fartanya ba ta san ciwo ba. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta shiga tsaga ta bushe a ciki, in zo alwala in rasa yadda zan yi. A shekarar ba a sallame ni daga gadi ba da damina ta faɗi, sai na riƙa raba kwanakin, wasu a gona wasu a Gwarzo. Gona ta buɗe ciwon, sanitaiza ta ƙona shi. Abinci kuma ya koma kwaɗon rama da tafasa, hatsin da ya rage ana lallaɓa shi ya kai mu kaka.

Talatu ta gwada mini man shanu, ƙudaje suka bi ni har masallaci. Ta gwada ruwan bagaruwa, ya ƙara ɗaure fatar. Wata safiya ana yayyafi, ba gona ba Gwarzo, ta shigo ɗakina da ƙwarya a rufe.

"Malam, a garinmu Lakwaya in ƙafar mutum ta yi faso, lalle Innarmu take ɗaura masa. Yana sanyaya ciwo, yana haɗe tsaga."

"Ƙafa kika ce. Ƙafar ma ta mata."

"Fata ai fata ce."

"Ni da gemuna, Talatu? Lalle?"

"Ba barinsa za mu yi ya kama ba. Jim kaɗan mu wanke. Wa zai gani?"

Lallen da take tarawa na bikin Sa'ade ta ɗiba, mai kyau, dakakke, tankaɗaɗɗe. Ta kwaɓa, ta lafta mini har wuyan hannu. Hannun dama ta zura shi a tsohon zungurunta, dogon goran nan da mata suke sa hannu a ciki in sun yi ƙunshi, na hagu ta ɗaure shi da leda. Ta kori yara, ta saki labule.

Wajen sanyi gaskiya ta faɗa. Rabona da in ji hannuwana sun yi shiru tun farkon azumi. Ga yayyafi a kan rufi, ga ƙaiƙayi ya kwanta. Na ce bari in ɗan kishingiɗa. Ita kuma ta leƙo ta ga ina barcin da na daɗe ban samu ba, tausayi ya hana ta tashina. Kiran azahar ne ya farkar da ni.

Da muka wanke, Talatu ta dafe baki. Lallen ya kama irin kamun da amare suke roƙo. Tafin ya yi jawur, faratan sun yi ja har sun doshi baƙi, tsagogin nan kuwa kowace ta zama baƙin layi kamar da gangan aka zana. Inda fata ta ɗaye ya fi ko'ina sha.

"Wallahi ko ranar aurena bai kama mini haka ba," in ji ta. Ta fashe da dariya, sai ta ga fuskata, ta koma ba ni haƙuri.

Na dirje da sabulu. Na dirje da toka, da yashi, da lemon tsami, har kananzir na gwada. Jan bai motsa ba, ciwon ne ya ƙara buɗewa.

A wurin aiki na roƙi safar hannu ta roba na sa. Gumi ya taru a ciki, fatar ta yi laushi kamar ta wanda ya wuni a ruwa. Wata ma'aikaciyar jinya, Malama Hauwa, ta ga ina riƙe gorar da ƙyar, ta kira ni ɗakin wanke ciwo ta ce in cire safar. Na ce ba komai. Ta ce in cire. Da na cire, ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa. A shekaru na haife ta. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da ta natsu ta duba sosai, ta tambaye ni yadda nake amfani da sanitaiza. Na ba ta labarin dabarata.

"Haba Baba! Tare da kowa? Ai wannan ba cuta ba ce. Abin ne ya shanye maiƙon fatarka, kai kuma kana ƙara masa. Daga yau ka daina. In za ka wanke hannu, ruwa da sabulu marar kaifi, kar ka dirje, ka tsane da tsumma mai tsabta. Kuna da man kaɗanya a gida?"

"Akwai."

"Bayan kowace alwala ka shafa. Safar nan ma ka daina wuni da ita."

"Jan fa, Malama?"

Ta cije leɓe don kar dariya ta sake ƙwace mata. "Wannan sai haƙuri, Baba. Na fata zai tafi da kansa. Na farce sai sabo ya fito."

Ta sa aka ajiye bokiti mai famfo da sabulu a ƙofa, gorar kuma aka ɗora ta a kan kujera, mai so ya matsa da kansa. Bokitin yana nan har yanzu a bayan asibitin, ana tarar ruwan sama da shi. Gorar kuwa na manta rabona da ganin irinta a ƙofar kowa.

Man kaɗanya ya yi aiki. Sa'ade ce take narka mini shi a murfin gwangwani kowace safiya, ta ajiye a bakin ɗakina ta wuce, ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi hannuwan ba. Tsagogin suka fara haɗewa, ƙaiƙayi ya ragu. Saura ja. Na ce a raina zan ƙara haƙuri har ya goge, sannan in fito cikin mutane kamar ba a yi komai ba. Na san garinmu. Namijin da aka gani da ƙunshi har wuyan hannu, sunan da za a laƙaba masa har jikokinsa sai sun ji shi.

Don haka na ƙara ɓuya. Alwala a gida, salla a sahun baya, kabbara da addu'a duk a cikin riga. Aka yi gayya a gonar Yaya Garba, ranar da duk unguwa take fita da fartanya, a jeru a yi noma ana ihu ana tsere, a sha fura a ƙwarya ɗaya. Tun da na iya riƙe fartanya ban taɓa rashin gayyar yayana ba. Na aika cewa ina Gwarzo. A gonata kuwa in na hango mutum tafe sai in tsuguna kamar mai cire ciyawa, hannuwa a cikin gero, mu gaisa daga nesa.

Gero ya kai gwiwa, mutanen Kabo ba su zo ba. Ya doshi ƙugu, shiru. Nura da yake zuwa zance a kan babur ya ɗauke ƙafa. Na ɗauka wahalar shekara ce ta hana su. Sai ranar da Talatu ta dawo daga wani suna, ta cire mayafi ta zauna ba ta ce mini sannu ba.

"Lafiya?"

"Ina lafiya? Malam, kuturta ake cewa kana da ita. An ce jini aka gani a tuwo. An ce yatsunka sun fara guntulewa, shi ya sa kake ɓoyewa, asibitin ma magani kake karɓa, ba gadi ba. Maganar ta kai Kabo. Uwar yaron ta ce sai an bincika."

"Ke me kika ce?"

"Me zan ce? Ka hana ni faɗa. Na ce lafiyarka ƙalau, suka ce to ya fito da hannun mana."

Na dubi bakin murhu. Sa'ade tana tsugune tana fifita wuta, itacen jiƙaƙƙe, hayaƙi ya cika mata ido. Ta ji komai. Ta san gaskiyar magana, tunda ita ce mai narka man. Da ta raɗa wa ƙawarta ɗaya, da ta wanke ni ta ceci aurenta, amma ba ta faɗa ba, don kar a yi wa ubanta dariya. A ranar na lura wuyanta ya yi tsawo, zanen da take ɗaurawa ya yi mata yawa. Duk da haka na ce wa Talatu a ƙara ɗan lokaci, jan ya fara koɗewa. Na dubi faratana, sabon farin da ya fito a gindinsu bai wuce faɗin ƙwayar gero ba.

Yaya Garba ne ya zo da kansa, abin da ba ya yi, don ni nake zuwa wurinsa. Shi ne waliyyin Sa'ade. Ya ƙi zama a tabarma, ya tsaya a zaurena yana kallon ruwan da ke ɗiga daga indararo.

"Haladu, Alhaji Mamuda, baffan yaron nan, ya aiko. Ya ce ranar Juma'a zai biyo ya gaishe mu. Ni da kai mun san ba gaisuwa ce za ta kawo shi ba."

Ya juyo ya dube ni.

"Ban tambaye ka ba, kuma ba zan tambaye ka ba. In ma abin da ake faɗa ne, Allah ne ya kawo, uwa ɗaya ta haife mu, kwanona kwanonka ne. Amma kar mu cuci mutane, kar kuma mu cuci yarinya. Ka zo ranar Juma'a."

Ashe shi ma ya yarda da maganar. Ya yarda, kuma ya tako har gidana yana ce mini kwanonsa kwanona ne. Na buɗe baki in ce masa, Yaya, lalle ne kawai, maganar ta ƙi fita. Ya sa takalmi ya tafi.

Ranar Juma'a an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, hanya duk taɓo. Bayan an sauko daga masallaci na tarar zauren Yaya ya cika fiye da kullum. Wanda bai taɓa kawo kwano ba ranar ya kawo. Ɗanlami yana bakin ƙofa, ko tsokanata bai yi ba, matsa mini kawai ya yi na wuce, abin da ya fi tsokanar ciwo. Alhaji Mamuda yana zaune a kan buzu kusa da Yaya, dattijo siriri mai farin gemu, ɗan kasuwar hatsi, irin mutanen da suke zura hannu cikin buhu su san abin da ke ƙasa.

Na durƙusa daga ɗan nesa, hannuwa a cikin riga.

"Alhaji, barka da zuwa. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Malam Haladu. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya hanya, ya taɓo?"

"Alhamdu lillahi. Ya damina?"

"Mun gode Allah. Ya mutanen Kabo?"

"Suna gaishe ku. Ya iyali? Ya jiki?"

A kan "ya jiki" ya miƙo hannu. Bai janye ba. Ya bar shi a miƙe a tsakanina da shi. Na ji bakina yana shirin cewa doka. Na san in na faɗa, dattijon nan zai sha ruwa, ya yi godiya, ya hau mota, shi ke nan. Na ce a raina, in dariya ce a yi.

Na zaro hannun dama na sa a nasa. Na zaro na hagu na ɗora a kai.

Jan fatar ya koɗe ya koma ruwan goro, amma faratan suna nan jawur, iyakar lallen kuma ta fito a wuyan hannu kamar an sa zare an auna. Wani daga baya ya ce, "La ilaha illallahu." Alhaji Mamuda ya riƙe ni gam. Ya juya hannun, ya dubi tafi, ya dubi baya, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kama fatar bayan hannuna ya mintsine ta da ƙarfi.

"Wash! Alhaji!"

"Madalla," in ji shi. "Mai wancan ciwon ba ya jin mintsini." Ya kai hannun kusa da hancinsa. "Wannan man kaɗanya ne. Wannan kuma... Malam Haladu, lalle ne?"

"Lalle ne, Alhaji."

Ɗanlami ne ya fara. Ya zube a bakin ƙofa yana dukan ƙasa.

"Wayyo cikina! Jama'a, wata da watanni muna yi wa bawan nan addu'a a ɓoye, ashe ƙunshi yake yi! Amarya, wa ya ɗaura miki? Har da zunguru?"

"Har da zunguru," na ce. Ban san abin da ya sa na faɗa ba.

Zauren ya ɗauka gaba ɗaya. Limamin unguwa yana goge hawaye da bakin rawani. Yaya Garba bai yi dariya da farko ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai dai Haladu, Allah ya shirye ka. Ka san rabona da barci?" Sai shi ma dariyar ta ƙwace masa. Ni kuwa ina durƙushe, kaina a ƙasa, hannuwana a hannun surukin da ban gama samu ba, ina ba da labarin gorar asibiti da maganin fason mutanen Lakwaya, ana katse ni da dariya. Gumi ya jiƙa babbar rigar duk da sanyin garin.

"Mun zo duba amarya ɗaya, mun samu biyu," in ji Alhaji Mamuda. "Garba, a kawo abincin nan."

Aka jawo kwanon gidan Yaya, tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa. Na ja baya, don na saba. Alhaji ya wanke hannu ya gyara zama, bai taɓa tuwon ba.

"Malam Haladu, bismilla."

"Alhaji, ku ci, ni na ƙoshi."

"To ni ma na ƙoshi. Garba, a mayar."

Na matso. Na sa jan hannun nan a kwano a gaban duk unguwa, na yanko loma. Alhaji Mamuda ya kai hannu daidai inda na yanka, ya yanki tasa, ya dangwali miya ya kai baki. Sai da ya haɗiye ya juya wurin Yaya.

"In an yanke gero an kai gida, sai ku faɗa mana ranar da ta yi muku. Uwar yaron ni zan yi mata bayani, ko da yake ban san ta inda zan fara ba."

"Ka tafi da shi ta gani," in ji Ɗanlami. "A sa masa mayafi."

Sunan da nake tsoro kuwa ya kama ni. Kafin la'asar yaran unguwa sun ji. Har yau in na shiga kasuwa a Gwarzo sai na ji wani daga rumfa ya ce, "Amaryar Kara, a sayi gishiri mana," mutumin da ban ma sani ba. Nakan amsa, amma ban taɓa sabawa ba.

Da na koma gida a ranar, Talatu tana tsaye a bayan ƙofar zaure.

"Sun gani?"

"Sun gani."

"Dariyar nan da muke jiyowa, kai ake yi wa?"

"Ni ake yi wa."

"To me Alhajin ya ce?"

Sa'ade tana bakin turmi, ta ba mu baya, taɓarya a hannu, ta tsaya da daka. Uba ba ya yi wa 'yarsa irin wannan magana, don haka Talatu na duba, amma na ɗaga murya yadda za ta kai turmi.

"Ya ce in an yanke gero."

Ba ta juyo ba. Ta ɗaga taɓaryar ta ci gaba da daka. Can sai ta cilla ta sama, ta tafa hannu, ta cafe ta kafin ta sauka.